Wayar da Ka Haɗa a Injin Yanka

Zuwa ga ɗana Sagir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kuma ka zauna daidai a wurin kawunka a Kaduna. Allah ya tsare ka a inda kake, ya haɗa ka da mutanen kirki. Mamanku tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Gaisuwar ke nan. Kada ka jira labarin gida, domin ba labari ne ya zaunar da ni ba. Raina a ɓace yake, kuma kai ne ka ɓata shi.

Za ka ga rubutun a karkace. Da hannun hagu na yi shi, don na ƙi taɓa kwamfutar nan sai zuciyata ta huce. Ka karanta shi duk da haka har ƙarshe, kuma a zaune, ba a tsaye kana hira da abokai ba.

Ranar Talatar da ta wuce Danladi ya kusa rasa hannunsa a shagona. Danladin da ka sani, wanda yake yanka mini takarda tun kafin a yaye ka, wanda ya ɗora ka a wuya ya kai ka kasuwar Gawu kana yaro. Katin bikin wasu mutanen Bagama muke yankewa. Ya tura takarda ƙarƙashin wuƙar injin yanka yana daidaita gefenta da wani ɗan katako, hannunsa na hagu yana kan maɓallin hagu. Ka san yadda yake yi: ya danna na hagu tukuna, ya janye hannun dama, sannan ya danna na dama wuƙa ta sauko. Shekara da shekaru haka yake yi, domin injin ba ya motsi sai an riƙe maɓallan biyu tare. Ranar nan yana danna na hagu sai wuƙa ta sauko. Ta raba katakon biyu, ta share masa farcen yatsan tsakiya da ɗan naman da ke ƙarƙashinsa.

Ina ciki na ji ƙarar katako, sai kuma shiru. Shirun ne ya fito da ni a guje. Na same shi zaune a ƙasa ya rungume hannu a ƙirji, jini yana bin gwiwar hannunsa. Abin da ya iya ce mini kawai shi ne, "Oga, ban taɓa na dama ba. Wallahi ban taɓa shi ba."

Na kai shi kemis aka wanke aka ɗaure. Da na dawo na kira Sunday mai gyaran lantarki, ya kwance murfin gaban injin. Bai daɗe yana leƙe ba ya ce in zo in gani. Ga wata 'yar jar waya an haɗe bakin maɓallin dama da ita, an murɗe ta tsaf, an naɗe da shuɗin tef. Ya ce, "Oga, wannan ba lalacewa ba ce fa, aikin hannu ne. An yi ne don injin ya ɗauka kullum ana danne da na dama. Kuma wanda ya yi ya iya aiki." Na san shuɗin tef ɗin nan, a aljihun teburin kwamfuta yake zama. Na kuma san mai murɗa waya haka.

Kai Sagir, me ka ɗauki kanka? Wa ya sa ka? Injin da ke raba bandir ɗin takarda a saukowa ɗaya shi za ka buɗe wa ciki ka yi wa dabara, ka rufe, ka ɗauki jakarka ka hau mota, ba ka gaya wa masu sa hannu a bakinsa ba? Da Danladi ya ƙara tura hannu kaɗan, da me zan je in gaya wa matarsa? In ce mata ɗana ne mai ƙwaƙwalwa?

Na san inda abin ya faro, kuma da hannuna a ciki. Lokacin da na sayo kwamfutar nan ta hannu a wurin wani mutumin Abuja, don tsara kati da kalanda na sayo ta. Kai ka shigo da wancan faifan na gem, wato wasan tseren mota. Na tsaya a bayanka na ga yadda ake yi: sai ka danne maɓalli ɗaya da yatsa motar take gudu, ka saki ta tsaya. Ba a jima ba ka fara kukan yatsa na yi maka ciwo. Yaro da ƙuruciyarsa, wai yatsa ya gaji da danna roba! Da farko ka naɗe takarda ka cusa a gefen maɓallin. Da ta riƙa faɗuwa ka ɗora masa kwaɗon ƙofar shago, har maɓallin ya lotse. Daga nan ka samo wani littafi da bangonsa ya yage, ka duƙufa a kansa, ka rubuta abin da kake kira firogiram. In ka danna maɓalli biyu sau ɗaya, shi ke nan kwamfuta ta ɗauka yatsanka yana nan a danne, mota ta yi ta gudu kai kuwa kana cin gyaɗa.

Ka tuna abin da na yi? Ban tsawata ba. Kiran mutane na yi. Duk wanda ya kawo aiki sai na ce, "Zo ka ga abin da yaron nan ya yi, ya sa inji yana riƙe kansa." Har wani ma'aikaci mai zuwa Abuja kullum ya dafa kanka ya ce wannan injiniya ne, ni kuma na washe baki kamar ni aka yaba. Kana ta cewa, "Baba, shotkot ne kawai, ba wahala." Na ji daɗin kalmar, wai gajeriyar hanya take nufi, har ina maimaita ta a majalisa. Wauta ce na yi, domin na yabi dabarar ban taɓa zaunar da kai na tambaye ka ko ka san inda ba a yin ta ba. To ga shi yanzu ina gaya maka a makare: duk abin da aka ƙera shi sai an riƙe, ka fara tambayar me ya sa aka ce a riƙe, kafin ka nemi hanyar saki. Wani don wahalar da kai ne kawai, wannan ka yi masa dabararka, ba ruwana. Wani kuwa don a tabbatar hannunka yana wuri kaza ne ba wuri kaza ba. Maɓallan injin yanka ba don injin aka raba su nesa da juna ba. Don kai aka raba su.

An ma yi mini gargaɗi ban ji ba. Wata rana ina tsara katin suna, mai aikin yana zaune yana jira, hannuna ya haɗa waɗancan maɓallan naka bisa kuskure. Sai rubutu ya kama gudu a kan gilashin kwamfutar, layi yana bin layi, na danna nan na danna can ya ƙi tsayawa, har na zare waya daga bango, aikin da na yi tun safe ya tafi. Da ka dawo daga makaranta na hau ka da faɗa, ka ce, "Ai Baba da ka danna wancan na kusurwa da ya saki." Wa ya gaya mini akwai na kusurwa? Kai kaɗai ka sani, kuma ba ka nan. Na yi ta masifa a kan aikin da ya ɓata, na bar ainihin maganar. Ainihin maganar ita ce, ka bar abu yana aiki a ɓoye cikin injin da wani zai zauna a kai. Ranar nan ya kamata in kama kunnenka a kan wannan, sai na ɓige da zagin gem. Saboda haka ka ji da kyau: duk abin da ka canza a kayan da ba kai kaɗai ke taɓawa ba, ka faɗa da bakinka, ga kowa, kafin ka bar wurin. In kana jin nauyin faɗa, to alama ce bai kamata ka yi ba.

Yanzu bari mu zo kan hannuna, tunda ga alama kallonsa kullum bai koya maka komai ba. Kun taso kun ga yatsu biyu da rabi babu a damana. Kuna ƙanana, in kun tambaya sai in ce kura ce ta cinye, ku yi ta dariya. Da kuka girma na ce inji ne, na tsaya nan. A majalisa kuwa abin barkwanci na mayar da shi, ina cewa na ba Kaduna kuɗin shiga gari. Ban taɓa ba ku labarin yadda yake ba, don ba na son tuna shi, kuma ina ganin wasa da abin ya fi mutunci. Ashe da wasan nan na koya maka cewa abin ba komai ba ne.

A Kadunan da kake yanzu ne, a wata maɗaba'a, ban fi shekarunka da yawa ba. Lokacin komawa makaranta ne, littattafan rubutu sun taru har rufi. Injinmu yana da hannu biyu da ake riƙewa kafin wuƙa ta sauko. Na ga in na ɗaure ɗaya, zan riƙa tura takarda da dama ina saukar da wuƙa da hagu, ba tsayawa. Na yanko robar tayar keke na ɗaure shi tam. Aiki ya yi ta tashi. Maigidan ya wuce ya gani da idonsa, bai hana ni ba, sai ma ya riƙa kirana Jirgi saboda saurina. Wani dattijo da ke ɗinkin littafi a gefena ya ce, "Yaro, kwance robar nan." Na ce masa ai na san lokacin da zan janye. Na sani kuwa, sau dubu na janye daidai. Ranar da abin zai faru ba gajiya na yi ba, ba barci nake ji ba. Wani ne ya kira sunana daga ƙofa na waiga.

Ban ji zafi da farko ba. Na ga yatsuna a kan takarda, a can bayan wuƙa, ina mamakin na waye. Dattijon nan ne ya naɗe su a hankicinsa ya biyo mu asibiti da su, wai ko za a iya mayarwa. Ba a iya ba. Bayan na warke na koma, na tarar an sa wani a injin, robata kuma an kwance ta an jefar. Maigidan da ke kirana Jirgi ya ce ai shi bai sa ni ba, kuma gaskiya ya faɗa. Na koyi cin tuwo da abin da ya rage, na koyi rubutu da hagu ina ƙato da gemu. Ranar da aka kai gaisuwar neman auren Mamanku, hannuna a aljihun riga ya wuni. Har yau in zan gaisa da baƙo sai na ga idonsa ya sauka ƙasa ya dawo. Wannan ita ce kurar da kuke yi wa dariya.

A gem ɗinka na sha ganin motar ta daki bango ta kama da wuta, ka danna abu, ta dawo sabuwa fil a bakin layi. Ka yi shekaru kana kallon wannan har ya zauna maka a kai. Ni ina jiran yatsuna su dawo tun kafin a haife ka.

Da yammacin Talatar nan na shiga gida ina huci, jar wayar nan tana hannuna. Na jefa ta gaban Mamanku na ce ta ga aikin ɗanta. Ta ɗauka ta juya ta. Ta ce, "Innalillahi. Ashe wannan yake nufi." Na ce me yake nufi? Ta ce ana gobe za ka tafi ka same ta a madafa, ka ce ta gaya mini bayan ka tafi cewa ka gyara mini maɓallin dama, ba sai na ƙara wahala da shi ba. Ita ta ɗauka zancen kwamfuta ne irin wanda kuka saba, ta bari sai ta ga raina a sake, har ya fita daga kanta. Na ce wace wahala? Ta dube ni ta ce, "Malam, yaron nan yana ganinka. In Danladi ba ya nan kai ke yanka, da dungulmin kake danna na dama, kana cije baki. In damina ta yi sanyi har yarfe hannu kake yi in ka gama. Ya ce mini ba ya son ya tafi ya bar ka da wannan. Don kai ya yi."

Na fita tsakar gida na zauna a kan turmi. Ba zan ɓoye maka ba, hawaye na yi. Ban san kana kallo ba. Ina ganin kanka yana cikin gilashin nan ne kawai, ashe kana ganin abin da ko Mamanku ban taɓa yi wa kukansa ba. Allah ya yi maka albarka a kan wannan zuciyar.

Amma kada ka ɗauka na huce, domin da na gama share ido fushin ƙaruwa ya yi. Wato don ka tausaya wa yatsu biyu da rabi da suka riga suka tafi, ka ɗora sauran a bakin wuƙa, nawa da na Danladi. Zafin da kake gani ina ji a dungulmin nan, shi ne yake gaya mini hannuna yana waje. Ina son zafin nan, Sagir. Na fi kowa a garin Suleja sanin amfaninsa. Kyakkyawar niyya ba ta tare wuƙa, kuma jinin da na goge a teburin injin bai tambayi niyyarka ba.

Na kuma tambayi kaina me ya sa ka bi ta madafa, ba ka zo wurina ba. Amsar ba ta yi mini daɗi ba. Ka san in ka faɗa mini zan daka maka tsawa kafin ka kai ƙarshen magana. Haka na saba da ku, ina ganin shi ne tarbiyya, har kuka koyi kai mini saƙo ta hannun uwarku. Ranar da na raka ka tasha ma, tun daga gida har mota ta cika ni kaɗai nake magana, kana ta buɗe baki kana rufewa, na ɗauka ladabi ne. Wannan laifin nawa ne, na ɗauka. Amma naka ya fi, domin tsoron tsawa ba hujja ba ce ta barin tarko a wurin aikin mutane. Namiji yakan tsaya a yi masa tsawar ya faɗi abin da ya zo faɗa. In ka ga manya a wurin aikinka masu zafi ne kamar ubanka, ka bari su gama, ka sake faɗa.

Kawunka ya ce maɗaba'ar da ya sama maka babba ce, injinansu sun ninka nawa, kuma don ka iya kwamfuta suka ɗauke ka. To na san abin da zai faru, kamar ina wurin. Za su gane kana da hannu. Wata rana aiki zai taru, na zaɓe ko na makaranta, wani zai ce, "Kai mai kwamfuta, ba ka da wata dabara a kan wannan maɓallin? Yana ɓata mana lokaci." Za ka duba ka ga abu ne mai sauƙi, waya ɗaya ce. Za a yi maka kirari, a ba ka sabon suna. Ran nan nake tsoro, shi ya hana ni cin abinci tun Talata. Ka ce ba ka iya ba. In sun matsa ka ce ubanka ya hana. In sun ce sai ka yi ko ka bar aikin, ka ɗauko jakarka, motar Suleja ba ta ƙarewa a tasha, in ma a Diko aka sauke ka zan zo in ɗauke ka. Ba zan tambaye ka albashi ba. Haka kuma duk injin da za ka sa hannu a ciki, ka fara gwada maɓallansa ɗaya bayan ɗaya hannunka yana waje, domin ba ka san ko wani mai ƙwaƙwalwa irinka ya riga ka wucewa ta wurin ba.

Gem ɗinka kuwa ban goge shi ba, ko da yake na yi niyya. Yana nan da firogiram ɗinka. In ka zo hutu ka sa motarka ta yi ta gudu ita kaɗai har ta gaji, a can ne wurin wannan wasan. Amma kafin ka zauna a kujerar nan sai ka je gidan Danladi. Ba takarda za ka rubuta masa ba, da ƙafarka za ka je, ka durƙusa, ka dubi yatsan. Ya ce mini, "Oga, bar yaro, bai sani ba." Ni ban bari ba. Har yau in zai yanka sai ya tsaya yana kallon maɓallin kamar bai san shi ba, mutumin da a da yake yanka yana waƙa.

Direban da zai kawo maka wannan ya ce da sassafe zai tashi, don haka zan tsaya nan. Ka juya bayan takardar nan ta ƙarshe. Na ɗora hannuna na dama a kai na zagaye shi da biro, layin ya ɗan karkace don da hagu na ja. Ka shimfiɗa ta a kan tebur, ka ɗora naka hannun a kan nawa, ka duba wurin da yatsunka suka wuce layin. Yatsun nan naka su ne abin da na tura Kaduna, kuma su nake so a dawo mini da su. Ka liƙa takardar a jikin bango kusa da injin da za su ba ka, in an tambaye ka hannun waye, ka ce na wanda ya san lokacin janyewa ne.

Allah ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin yabo. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mini da kai lafiya, ka miƙo mini hannu mu gaisa in ji yatsu biyar sun kama nawa.

Wassalam,
Mahaifinka.